Haladu Mai Guduma da Koren Tarago

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da layin dogo ya ratsa, ana ce masa Malam Haladu. Ku saurara, jama'a. Masu hira a baya, ku ajiye ta sai an tashi. Haladu ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa shi ne ya bi jirgi da doguwar guduma, yana bugun ƙafafun tarago ɗaya bayan ɗaya yana sauraro. Ƙafa mai lafiya amonta dogo ne. Wadda ta tsage daga ciki kuwa, sai ka ji kamar an ƙwanƙwasa fasasshiyar tukunya.

Zamani ya juya. Aka sabunta layi, aka kawo jirage masu gudu, aka tura tsofaffin taragai na katako bayan tasha, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu. A ciki akwai wani kore, wanda Haladu ya fara aiki a kansa tun yana saurayi. Shekara bakwai, da ya tashi aiki sai ya nufi wajensa: ya sauya katakon da gara ta ci, ya goge marikin ƙofa, ya shafa fenti. Abokan aiki na yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Ana nan sai hukuma ta shirya bikin tunawa da zuwan jirgi garin. Za a ɗaura tsofaffin taragai uku a bayan sabon kan jirgi, su ɗauki baƙi a kan babban layi zuwa gari na gaba. Taragon da ya ci jarrabawa a adana shi, wanda ya faɗi a ba 'yan gwangwan su yayyanka. Injiniyoyi suka zo daga birni, suka duba birki, suka duba ƙugiya, suka sa hannu. Koren tarago ya ci. Manajan tasha, Alhaji Sallau, ya ba Haladu kujera biyu a ciki, shi da matarsa Asabe. Baiwar Allah har sabuwar atamfa ta ɗinka.

Ranar biki da safe, ba wanda ya ce Haladu ya buga komai. Sabo ne kawai ya sa ya ɗauki gudumarsa ya nufi koren taragon. Ƙafa ta farko ta amsa, ta biyu ta amsa. Ta uku, ku saurara, ta uku ta yi shiru da wuri. Ya sake bugawa. Ya sake. Sai ya zauna a kan ƙarfen layi.

Wa ya ji? Ba kowa. Takarda ta ce lafiya lau. Da irin tafiyar zamanin da ce, a hankali, wataƙila ƙafar ta kai su ta dawo. Amma a sabon layi ba a jan jiki, akwai jirgi mai gudu a bayanka, dole ka gudu. Haladu ya san wannan.

Ya miƙe ya sami manaja a tsakiyar baƙi. "Ranka ya daɗe, a cire tarago ɗaya."

"Wanne?"

"Nawa."

Alhaji Sallau ya ja shi gefe. "Haladu, lafiyarka ƙalau? Injiniyoyi sun sa hannu. Ka san in na cire shi, yanka shi za a yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Su sun duba abin da ido ke gani. Ni kunnena ya ji, kuma ba zan iya cewa ban ji ba."

Manaja ya yi faɗa, ya yi tsaki, amma ya ji tsoro, ya sa aka kwance taragon. Aka cusa baƙi a biyun da suka rage suna gunaguni, jirgi ya yi kuka ya tafi. Asabe na tsaye cikin sabuwar atamfarta. Ta ce, "Malam, kai ka faɗa da bakinka?" Ya ce, "Ni ne." Sai ta ce, "To, mu je gida, rana ta fara zafi."

Bayan mako biyu 'yan gwangwan suka zo da wutar yanka ƙarfe. Haladu ya tsaya daga nesa ya yi kuka, kuka na gaske, dattijo da furfura. Wallahi ni ma duk sanda na kawo nan sai zuciyata ta karye.

Na ga kuna jira in ce daga baya an gano gaskiyarsa, an kira shi an karrama shi. A'a. Ƙafar ba ta karye ba, domin ba ta je ko'ina ba. Ba wanda ya gode masa. Baƙin nan sun koma gidajensu, sun ci tuwo da 'ya'yansu, wasu ma suna zagin tsohon da ya sa suka yi tafiya a tsaye.

To, jama'a, amana ke nan: ka faɗi aibin abinka da bakinka, lokacin da kai kaɗai ka san shi, kuma kai ne za ka yi asara. Direban da ya san birkinsa na wasa, maginin da ya ga tsaga ya shafe ta da siminti, mai sayar da akuyar da ya san tana tari, duk da ku nake. Kowa a nan akwai abin da ya ji wanda ba wanda ya san ya ji. Allah ya sani. Ka je ka faɗa tun mutane ba su hau ba.