Tasalla da Gwiwarta Mai Magana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata yarinya ce a wani ƙauye na bakin gulbi, sunanta Tasalla. Ita dai Tasalla ba ta san tafiya ba, sai gudu. A aike ta rijiya, gudu. A aike ta gona da fura, gudu. Ko daga ɗaki aka kira ta zuwa madafa, sai ta iso tana haki.

Ran nan tana tsere da ƙawayenta, ta zo tsallake wani rami, ƙafa ta goce, ta faɗi tim a kan gwiwa. Ta yunƙura, ta kasa tashi. Kafin a kira babanta, gwiwa ta kumbura ta yi kamar ƙoƙo. Baban ya goya ta, bai tsaya ko'ina ba sai gidan Iya Barmani, tsohuwar da ke ɗori a ƙauyen.

Iya Barmani ta lalluba, ta lalluba, ta ce, "Ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta ji ciwo." Ta shafa man shanu, ta ɗaure da ƙyalle.

Tasalla tana share hawaye ta ce, "Iya, yaushe zan yi gudu?"

Tsohuwa ta ce, "Jikata, ni ɗauri na iya. Ranar gudu kuwa, mai ciwon ce za ta faɗa miki."

Tasalla ba ta gane ba. Aka mai da ita gida, innarta ta shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya. Tana kwance tana jin shewar ƙawayenta a bayan danga, hawaye na gangaro mata.

Tana nan, tana nan, sai ga Barewa ta leƙo ta kan danga. Ta ce, "'Yar nan, me ya kwantar da ke?"

Ta ce, "Yaya Barewa, gwiwata ce."

Barewa ta ce, "Haba! Ciwo tsoron gudu yake. Tashi ki zuba da gudu, ki bar shi a baya."

Tasalla ta ji daɗin maganar nan. Ta dafa tsamiya ta miƙe, ta zabura. Ko ƙofar gida ba ta kai ba ta zube. Gwiwa ta ƙara kumbura, har ta fi da. Barewa kuwa ta yi tsalle ta shige daji.

Inna ta zo ta ɗauke ta. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ɗora ruwan ɗumi ta gasa mata wurin, tana cewa, "Sannu, 'yar gidana, sannu."

Tana nan, tana nan, sai ga Kunkuru ya fito daga ƙarƙashin rumbu. Ya ce, "'Yar nan, me ya kwantar da ke?"

Ta ce, "Baba Kunkuru, gwiwata ce."

Kunkuru ya ce, "To, kada ki motsa ta. Ko yatsa kada ki ɗaga. Ni in abu ya dame ni, sai in shige ɓawona in yi lamo."

Tasalla ta yi lamo. Rana ta fito tana kwance, rana ta faɗi tana kwance. Inna ta ce, "Ɗan miƙe ƙafar mana," ta ƙi. Kumburi ya saɓe, amma ƙafa ta rame, ta sandare kamar taɓarya. Ranar da ta gwada lanƙwasa ta, ta ƙi lanƙwasuwa. Tasalla ta fashe da kuka, ta ce, "Shi ke nan, na zama gurguwa."

Sai ta ji wata siririyar murya daga reshen tsamiya: "'Yar nan, me ya sa ki kuka?"

Ta ɗaga kai, ga Hawainiya. Ta ce, "Gwaggo Hawainiya, na yi gudu, gwiwa ta kumbura. Na kwanta, gwiwa ta sandare. Wa zan bi?"

Hawainiya ta ce, "Kin tambayi Barewa, kin tambayi Kunkuru. Ita gwiwar kin tambaye ta? Dube ni." Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta kai gaba, ta dawo da ita, ta sake kaiwa, sannan ta sauke. "Ni ba na sauke ƙafa sai na ji abin da ta ce. Ke ma tambayi taki."

Tasalla ta dafa gwiwarta da hannu biyu, ta rera a hankali:

"Gwiwa, gwiwa, 'yar'uwata,
In lanƙwasa ko in bari?"

Sai gwiwa ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Lanƙwasa kaɗan, Tasalla,
In na yi zafi, ki tsaya."

Tasalla ta tuna maganar Iya Barmani, ta yi dariya, hawaye bai bushe ba. Ta lanƙwasa kaɗan, ta miƙe kaɗan. Da zafi ya taso, ta tsaya. Gobe ta ƙara. Jibi ta ƙara.

Ana nan ta ce, "In tashi ko in bari?" Gwiwa ta ce, "Tashi, amma da sanda." Baba ya sassaƙa mata sanda daidai tsayinta. Ta taka zuwa randa, ta dawo. Ta taka zuwa zaure, ta dawo. Wata rana zumuɗi ya kai ta har rijiya, da yamma gwiwa ta yi zafi, ta ce, "Yau kin zarce." Washegari Tasalla ta rage.

Ƙawaye suka zo suka ce ta fito gaɗa. Ta ce, "In yi tsalle ko in bari?" Gwiwa ta ce, "Ba yanzu ba." Abin ya sosa mata rai, amma ta bi su dandali, ta zauna a kan turmi, ita ke ba da waƙa, su ke amshi suna tsalle.

A cikin kwanakin nan saniyar gidansu, ita kaɗai suke da ita, ta haifi ɗan maraƙi. Ƙafafunsa sai rawa suke, ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi. Tasalla ta ce, "Kai ma irina ne, zo mu koya tare." Kullum da safe sai su zaga tsakar gida, ita da sandarta, shi da rangajinsa, har ya zama in bai gan ta ba ba ya shan nono.

Ran nan aka kwana ana ruwa, gulbi ya cika ya batse. Maraƙi ya yi ƙarfi, ya tsinke igiya, ya fita da wasa har kan gaɓa, inda ruwa ya ci ƙasa ta ƙarƙashi. Samari suka bi shi da gudu, ya tsorata ya ja baya. Suka sake zabura, ya ƙara ja baya. Ƙasa ta fara zubewa a bayan kofatonsa. Baba ya daka tsawa: "Ku tsaya! Za ku jefa shi ruwa!"

Tasalla ta iso da sandarta. Duk jikinta gudu yake so. Ta dafa gwiwa ta ce:

"Gwiwa, gwiwa, 'yar'uwata,
In yi gudu ko in bari?"

Gwiwa ta ce, "In kika yi gudu, ni zan faɗi, shi ma zai faɗa. Taka kamar yadda muka saba."

Ta taka, ta tsaya. Ta taka, ta tsaya. Inda ƙasa ke da tauri ta tsaya cik, ta miƙa hannu, ta ce, "Zo, abokina, zo." Maraƙi ya ɗaga kunne. Ya san tafiyar nan, ya san muryar nan. Ya tako, ya tako, ya sa hancinsa a tafin hannunta. Baba ya kama igiya. Suna juyowa, gaɓar da ya bari ta rufta cikin ruwa, rim!

Baba ya rungume 'yarsa.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Tasalla ta ajiye sanda. Gwiwa ta ce, "Sassarfa." Ta yi sassarfa. Ta ce, "Ɗan gudu a kan yashi." Ta yi. Sai wata safiya ta ce, "Yau kam, Tasalla, yi gudu!" Ta sheƙa har bakin gona ta dawo, ba zafi, ba kumburi.

Da yamma ta dafa gwiwa ta rera mata waƙa. Shiru. Ta sake rerawa. Shiru. Ta je wurin Inna, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Inna, 'yar'uwata ta daina yi mini magana."

Inna ta jawo ta jikinta, ta shafa kanta, ta ce, "Ba fushi ta yi ba. Lafiya ce ta sa ta yi shiru."

To, yara, in kun ji ciwo, kada ku yi gaggawar Barewa, kada ku yi lamon Kunkuru. Ku motsa kaɗan-kaɗan, in zafi ya ce ku tsaya, ku tsaya.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera! Tatsuniyata ta tsaya nan, wanda ya ji ya kai wa ƙanensa.