Gadon da Ya Shiga ta Taga

Akwai wata mata a layinmu na bakin ruwa a Amsterdam, sunanta Tineke. Mijinta Wouter ya daɗe a asibiti, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Likita ya ce in ba a kafa masa gadon jinya a gida kafin Juma'a ba, gidan tsofaffi za a wuce da shi.

Ranar Alhamis aka kawo gadon. Kun dai san matakalar gidajenmu, a miƙe kamar tsani, ga matsi. Gado ya cije tun a kwanar farko.

Ɗanta Hidde ya share gumi ya ce, "Mama, haƙuri za ki yi."

Ta ce, "Babanka a ɗakinsa zai kwana."

Dabara ɗaya ta rage, a ja gadon sama da igiya a shigar da shi ta taga. Mutum ɗaya ke da igiyar jan kaya a layin, tsoho Sjoerd, wanda ta shekara uku ba ta gaishe shi ba saboda faɗan wurin jingine keke. Ta je ta buga masa ƙofa.

Ya leƙo ya ce, "Yau kuma me keken nawa ya yi?"

"Igiyarka na zo roƙo, Sjoerd. Wancan faɗan ma ni ce da laifi."

"Wouter ne?"

Ta gyaɗa kai. Ya ɗauko igiya.

Tsohon fenti ya liƙe tagar ɗakin, Tineke ta kankare shi da wuƙar girki har aka cire ta. Sjoerd ya rataya igiya a ƙugiyar jan kaya da ke ƙololuwar gidan. Hidde ya yi wuf zai ja.

Sjoerd ya ce, "Tsaya, ɗan ofis. In ba a riƙe gadon da igiya ta biyu ba, gilashin tagar ƙasa zai ci."

Tineke ta kama ta biyun. Ina tsaye a wurin, har yau ina tuna yadda iska ke kaɗa gadon nan. Igiya ta yanke mata tafin hannu, ba ta saki ba sai da ya shige.

Da Juma'a ma'aikatan asibiti suka hau da Wouter a kujera. Ya dubi hannunta a naɗe ya ce, "Me ya same ki?"

Ta ce, "Gadonka ne. Kwanta."

Darasi: Kada girman kai ya hana ki buga ƙofar da taimakon naki yake bayanta. Ku tura wa duk wanda ke gaba da maƙwabcinsa, don Allah.