Amanar Zangon Gishiri

Ku gyara zama, ku ajiye hirar nan taku tukuna. Labarin da zan ba ku yau na bakin teku ne, kuma in na kai ƙarshensa ku ne alƙalai.

Can kudu, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma, akwai wani ƙauye da ake kira Zangon Gishiri. Wani madugu mai suna Dogara ne ya kafa shi. Ya yi shekaru yana kai kanwa kudu yana komowa da goro da gishiri, har ƙafafunsa suka gaji. Sai ya roƙi sarkin 'yan ƙasar wurin zama, aka yanka masa fili tsakanin teku da wani tafki da ake kwasar gishiri a cikinsa. Nan ya kafa bukka, wasu fatake suka biyo shi, wuri ya zama gari.

Ɗansa Shekarau a nan aka haife shi, a nan ya tsufa, kuma shi ne sarkin zango a lokacin da wannan abu ya faru. In ka tambaye shi yadda garin yake a dā, sai ka nemi tabarma, don ba ya gajiya da faɗa. Gidaje ba su fi sittin ba. Hanya ɗaya ce ta jar ƙasa, ta ratsa ta tsakanin itatuwan kwakwa ta ƙare a ƙofar masallaci, wanda iskar teku take cinye masa kwano duk bayan 'yan shekaru. Rijiya ɗaya gare su, kuma ikon Allah, ga ruwan gishiri gabas ga ruwan gishiri yamma, ita kuwa ruwanta garɗi gare shi. Da hantsi maza su jawo taru suna waƙa, mata su tare su da kwanduna. Da rana hayaƙin banda ya rufe unguwa, har tufafin sallar Idi ƙamshin kifi suke yi. Ran Laraba ake cin kasuwa, kuma duk wanda ya dawo daga arewa da ƙullin kuka ko daddawa, ranar gidansa ba ya rabuwa da baƙi. Shekarau yakan ce bai taɓa ganin an kulle ƙofa a garin ba sai da ya yi furfura.

Abu ɗaya ne ke sosa masa rai: teku tana cin gaɓa a hankali. Ɗakin da aka yanke masa cibiya yanzu yana ƙarƙashin ruwa, kwalekwale na wucewa ta kansa.

Da aka shimfiɗa kwalta har bakin garin, sai baƙi suka fara zuwa. Ranar Asabar da Lahadi motoci su yi layi a gindin kwakwa, 'yan birni su cire takalma su taka rairayi, su sha ruwan kwakwa, su ɗauki hoton masunta. Shekarau bai ƙi su ba, yakan ma sa a shimfiɗa musu tabarma a inuwar gidansa. Amma bayan masu kallo sai masu tambaya suka biyo: nawa ake sayar da fili a nan, ruwa na shigowa gida da damina, wutar lantarki na zama? Ya lura da yadda suke kallon garin. Ba mutane suke gani ba, wuri suke aunawa da ido.

Wata safiya aka wayi gari da turaku masu jan fenti daga bakin tafki har bayan masallaci. Wani attajiri daga birni ya zo da takarda, ya ce ya sayi wurin duka daga hannun wani jikan sarautar 'yan ƙasar, zai gina otal, kuma ya ba mutanen zango wata shida su tashi. Shekarau ya kai kuka gaban kwamitin filaye na gunduma. Shugaban kwamitin ya saurare shi da ladabi, sa'an nan ya ce dogon zama ba shaida ba ne. Ya ce Shekarau ya kawo abu uku kafin wata uku: takardar da ta nuna an ba ubansa wurin, alamar iyakar da takardar ta ambata, da mutum daga gidan sarautar da zai tsaya ya ce haka aka yi.

Tsohon ya dawo gida yana lissafin abubuwan nan uku. Takardar ya san an taɓa yin ta, amma rabonsa da ita tun yana saurayi. Alamar iyaka dutse ne, kuma teku ta haɗiye shi shekara arba'in da suka wuce. Gidan sarauta kuwa, ɗansu ne ya sayar. Ya tara 'ya'yansa uku, Lantana da Nomau da Jatau, ya faɗa musu yadda aka yi. Ya ce, "Ni ƙarfina ya ƙare. Kabarin kakanku yana bayan masallacin nan. In aka tashe mu, ban san me zan ce masa ba."

Lantana ce babba. Malamar makaranta ce a birni, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Ita ta tuna cewa lokacin da ruwa ya ci tsohon gida, gwaggonsu ce ta kwashe kayan kakansu, kuma daga baya aure ya kai ta arewa da adakarta. Ta nemi hutu aka hana ta, sai ta ajiye aikin ta hau mota. Ta isa garin ta tarar gwaggon ta daɗe da rasuwa, an raba kayanta tsakanin 'ya'ya huɗu da suka watsu a garuruwa huɗu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A gida na farko aka ce ba a san zancen ba. A na biyu aka nuna mata adakar, gara ta cinye gindinta, ba kome a ciki sai tsumma. A na uku zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma a hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba. A na huɗu, a wani ƙauye da mota ba ta shiga, ta ga wata tsohuwar gafaka rataye a bango. Ta roƙa aka sauko da ita. A bayan Alƙur'anin da ke ciki ta sami takarda naɗe cikin fata, rubutun ajami, da dangwalen yatsu biyu a ƙasa. Ta dawo gida a rame, ta zauna gaban ubanta ta karanta masa: an ba Dogara da zuriyarsa daga bakin tafki har zuwa dutse mai zane uku. Shekarau ya karɓi takardar ya ɗora ta a goshinsa.

Nomau shi ne na tsakiya, masunci, bai taɓa kwana bakwai a wajen garin ba. Ba shi da yawan magana. Tun yana yaro ya san dutsen, a kansa suke zama suna gyaran ƙugiya. Amma lokacin damina ne, teku ta yi fushi, ruwa ya yi duhu, masunta ma sun ja kwalekwalensu kan tudu. Shi kaɗai ya riƙa fita duk safiya in ruwa ya janye. Yakan daidaita kansa da hasumiyar masallaci da wata doguwar kwakwa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya nutsa, yana lalube cikin yashi da hannu. Matarsa ta yi kuka, abokansa suka ce ya haƙura, kullum sai ya ce gobe. Ran kwana na goma sha tara yatsunsa suka faɗa cikin zane uku a jikin wani dutse. Ya ɗaura masa jarka don alama. Aka kira mai awon fili na gwamnati, Nomau ya tuƙa shi har wurin ya ɗauki awonsa, sa'an nan a gabansa aka haɗa kwalekwale biyu aka ciro dutsen da igiyoyi. Wajen cirowar ne igiyar ruwa ta maka kwalekwalen Nomau a kan ɗaya kwalekwalen, ya tsage gida biyu. Nutson da ya yi ta yi kuma ya fasa masa dodon kunnen hagu, har yau ba ya ji da shi. Da Shekarau ya ga dutsen a kan rairayi, kore shar da gansakuka, sai ya durƙusa ya shafa zanen kamar mai shafa kan jariri.

Jatau ne auta, kuma shi ne wanda garin ke zargi. Shi ke yi wa baƙi jagora, yana jin harshen 'yan ƙasar kamar a cikinsu aka haife shi. Shi ne ma ya fara zagayawa da attajirin nan, ya nuna masa rijiya da tafki da inda rana ke faɗuwa, bai san abin da mutumin ya ƙulla a ransa ba. Da rigima ta tashi, attajirin ya kira shi ya ce in ya yi shiru, shi zai zama manajan otal, da gida da mota. Jatau ya ce a kai kasuwa. Ya bincika ya gano cewa mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga ranar da aka ba Dogara wurin: wata tsohuwa mai suna Mama Abla, 'yar sarkin wancan zamani, wadda a ranar tana yarinya ita ta riƙe ƙwaryar ruwan da aka sha don ƙulla alkawarin. Matsalar ita ce, wanda ya sayar da filin jikanta ne, kuma ita ta goya shi. Ran da Jatau ya fara zuwa ta sa aka kore shi. Ya koma washegari, ya hau ya gyara mata rufin ɗaki da ke yoyo. Ya riƙa zuwa yana ɗebo mata ruwa, yana faskara mata itace, mutanen zango na cewa ya koma wajen abokan gaba, har wasu suka daina amsa sallamarsa. Sai da aka yi wata guda ta kira shi ta tambaye shi abin da yake nema.

Ya ce, "Mama, abin da idonki ya gani kawai nake so ki faɗa. Ban ce ki ƙara ko kalma ɗaya ba."

Ta ce, "In na faɗa, ɗaure mini jika za su yi."

Ya ce, "In kika faɗa, ni zan fara tsayawa in roƙa masa."

Ranar zaman kwamiti Jatau ya goyo ta a bayansa daga mota har cikin zaure. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen, ta ce dangwalen dama na ubanta ne, kuma ta ga lokacin da aka sassaƙa zanen nan uku, ɗaya na sarki, ɗaya na madugu, ɗaya na Allah da ke shaida. Jikanta ya sunkuyar da kai. Jatau ya cika alkawari, ya roƙi mutanen zango suka yafe wa jikan, aka bar shi ya sasanta da attajirin a tsakaninsu.

Kwamiti ya yanke hukunci wurin na mutanen zango ne. Aka tumɓuke turakun nan, mata suka hura wutar banda da su. Shekarau ya zagaya garin a ƙafa ranar, daga tafki har maƙabarta, yana tsayawa a ƙofar kowane gida.

Amma shugaban kwamitin ya ƙara da magana ɗaya. Ya ce masu saye ba za su daina zuwa ba, tun da kwalta ta iso kuma wurin ya shiga ido. Don haka za a yi wa garin sabuwar takardar mallaka, a rubuta sunan mutum ɗaya a matsayin mai riƙon amana. Duk baƙon da ke son sayen ko taku ɗaya, sai da sa hannunsa. Ba gado ba ne balle a raba shi yadda shari'a ta tsara, kuma doka ba ta karɓar suna biyu. Ya ce Shekarau ya tsufa, gara ya zaɓi wanda zai daɗe.

Dattawan zango suka ce ba su da ta cewa, cikin 'ya'yansa uku ne, ya zaɓa. Shekarau ya kira su ɗaya-ɗaya. Lantana ta ce duk wanda Baba ya ga dama. Nomau ya juyo da kunnensa na dama, ya saurara, ya ce shi ruwa ya sani. Jatau ya ce shi da ya jawo masifar ba shi da bakin nema. Wannan ya ƙara wa tsohon nauyi, don da ɗayansu ya nuna kwaɗayi da ya sami wanda zai cire.

Ya yi ta juya abin a ransa. Ba don Lantana ba, da babu wanda ya san abin da za a nema a cikin teku, kuma ita ce ta san takarda da ofis, ga shi ta rasa aikinta. Ba don Nomau ba, da takardar ta zama labarin dutsen da babu shi, kuma shi ne bai taɓa juya wa garin baya ba, ga shi ya rasa kunne da abin sana'a. Ba don Jatau ba, da an ce takardar da dutsen duk ƙirƙira ce, kuma shi ne ya san halin masu saye, an gwada shi da dukiya bai karɓa ba, ko da yake ta hannunsa baƙon ya shigo.

Ranar da aka sa ta zo. Shekarau ya sa farar rigarsa, ya shiga ofishin ya zauna, 'ya'yansa uku na tsaye a bayansa. Magatakarda ya buɗe takarda, ya cire murfin alƙalami, ya ce, "Baba, wane suna zan rubuta?"

Nan na tsaya. To ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko, tsakanin Lantana da ta nemo takarda, da Nomau da ya ciro dutse, da Jatau da ya kawo shaida, sunan wa ya kamata tsohon nan ya faɗa?