Kurege da Goran Turanci

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya ta gaji.

Ta zo mu ji ta, mu shimfiɗa mata tabarma.

To, ku gyara zama. Labarin nan an daɗe ana bayar da shi a karkace, kowa ya bayar sai ya ɓata mini suna. Ni ne Kurege, mai jelar nan da ake zance. Yau da bakina za ku ji.

A ƙetaren rafinmu akwai wata gonar gyaɗa, ban taɓa ganin ƙarshenta ba. In na hau dutse da hantsi na hango ta, sai in ga tana rawa cikin rana kamar ruwa, ƙanshinta ya tsallako rafi ya zauna mini a hanci. In na yi barcin rana ita nake mafarki. Ina iyo cikin gyaɗa, gajimare ɓawon gyaɗa, ruwan sama ma ƙuli-ƙuli yake zubowa.

Abin da ya raba ni da ita kare ne. Mai gonar ya sayo shi daga ƙasar Turawa, ƙato kamar maraƙi, ba ya jin Hausa ko ta "zo nan". Wanda ya yi masa hira da Turanci, sai ya kwantar da kunne ya bar shi ya wuce. Wanda ya kasa kuwa, to, Zomo dai ya je, har yau ba mu ji labarinsa ba.

Ana nan, sai Malama Tsattsewa, wadda take zuwa can ƙasar duk shekara, ta buɗe makarantar Turanci a reshen tsamiya. Ɗalibai biyu, ni da maƙwabciyata Bushiya. Ba yabon kai ba, kafin Bushiya ta riƙe kalma goma na haddace ɗari uku. Da damina ta kusa, Malama za ta koma, ta ce, "Ku riƙa faɗinsu kullum. In ba ku sami mutum ba, ku yi wa kututture magana."

Na ce a raina, ashe Malama ba ta san tattali ba. Mu kuregu in mun samu abu ɓoyewa muke yi. Wa zai ɗauki kalma sabuwa fil ya yi ta taunawa har ta sirance? Na zuba nawa a gora, na toshe da totuwa, na binne a ƙuryar rami. In na kara kunne sai in ji suna raɗa a ciki, can ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma masu gyangyaɗi.

Bushiya kuwa ɓarna ta kama yi. Kullum da safe sai ta je gaban wani suri da ke tsaye shi kaɗai a fili, ta gyara murya, ta ce masa da Turancinta na hanci, "Barka da safiya. Ka tashi lafiya? Kai kaɗai ne a nan, ba ka jin kewa? Na zo in taya ka zama." In za ta tafi ta ce, "Gobe ma zan dawo."

Ni fa ba na ganin abin dariya in wuce. Kullum sai in laɓe a bayanta, in toshe hanci, in kwaikwaye ta kalma bayan kalma. Kullum, ban taɓa tsallake rana ba.

"Yaya Bushiya, surin ya amsa?"

"Bai amsa ba, Mai jela. Amma jiya harshena ya yi tuntuɓe sau bakwai, yau sau biyar."

"Kafin kaka kalmomin za su ƙare miki."

"Naka fa?"

"Suna hutawa."

Kaka ta yi, gyaɗa ta nuna. Na ji Bushiya tana cewa jibi za ta ƙetare. Na ce ni gobe. Na tono gorana, na ɗauki buhu uku, na tsallaka rafi da sassafe. Ban yi taku goma ba na ji wani abu mai nauyi ya sauka a kan jelata.

Kare ya sunkuyo ya ce da Turanci, "Wane ne kai? Me kake nema?"

Na gane komai, wallahi na gane, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Na cire totuwa, na kafa goran a baki, na juye. Kalmomin duk suna nan, ba wadda ta ɓata, amma sun yi barci sun yi sanyi kamar tsakuwar rafi. Suka taru a maƙogwaro suka zauna. Na taɓa wannan, ba ta motsa ba. Na taɓa waccan, ta juya ta ci gaba da minshari. Harshena ya kwanta kamar busasshen kifi.

Kare ya buɗe baki. Na leƙa ciki, na ga hanyar da Zomo ya bi.

Na rufe ido. Sai na ji wata murya ta hanci, siririya, tana tafiya sumul ba tuntuɓe: "Barka da safiya. Ka tashi lafiya? Kai kaɗai ne a nan, ba ka jin kewa? Na zo in taya ka zama."

Na duba ko Bushiya ce ta biyo ni. Ashe bakina ne, shi kaɗai, bai ko nemi izinina ba.

Kare ya rufe baki a hankali. Ya zauna. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce shekara uku ba wanda ya tambayi lafiyarsa. Ya ba ni labarin garinsu, inda ruwan sama yake saukowa fari kamar auduga, da uwarsa, da wata tsohuwar kujera da yake kwana a kai. Ina ta gyaɗa kai. Can ya ce, "Kai fa, ba ni labarinka."

Nan fa guzurina ya ƙare, saura ɗaya. Sai na sunkuyar da kai kamar tausayi ne ya hana ni magana, na shafa masa ƙafa, na ja dogon numfashi, na ce, "Gobe ma zan dawo."

Ya ɗaga ƙafar daga kan jelata. Amma sai da ya tsige mini gashin jela tuƙu guda, ya ce zai riƙe har in dawo. Ya kuma kafa doka: kowace sabuwar magana da na kawo, ƙwayar gyaɗa ɗaya. Na zo da buhu uku, na koma da ƙwaya biyar.

Ran nan da la'asar Bushiya ta same ni a gaban surinta, ina tashin kalmomina daga barci ɗaya bayan ɗaya.

"Mai jela, ya amsa?"

"Gyara masa kuskure nake yi, Yaya. Kin lalata masa kunne."

Yanzu kullum ina yin tuntuɓe a gaban suri, in je in yi wani a gaban Kare. Ran da baki ya saku ina samun rabin buhu. Bushiya, wadda ba ta kai ni ƙwaƙwalwa ba, buhu guda take jawowa, amma wannan don ta fi ni surutu ne. Kuma ana yawo da ni wai ita ta cece ni. Ni na toshe hanci, ni na laɓe, ni na jure safiya ɗari da ashirin. Ita me ta yi?

Ƙurunƙus kan tsohon gora. Wanda duk zai yi wa maƙwabciyarsa ba'a, ya yi ta kullum da babbar murya, kada ya tsallake rana. Wanda kuma ya ce ƙarya nake, ga jelata nan, ya zo ya duba inda gashi bai tsiro ba.