Notin da Ya Ƙi Gaba, Ya Ƙi Baya

Akwai wani mutum mai aikin ƙarfe, wanda ya tsufa a cikin sana'arsa. Ya kafa rufin kasuwanni da na makarantu, ba a kuwa taɓa jin aikinsa ya faɗi ba. Da mutanen garinsu suka sami rijiyar burtsatse, sai suka ce shi zai kafa musu hasumiyar ƙarfe da za a ɗora tankin ruwa a kanta, gama ɗan gari ne.

Injiniyar da ta zana hasumiyar ta zo da kayan aiki. Ƙusoshin da ta kawo masu haƙora ne, kowace da notinta, na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, domin baƙin ƙarfe ba ya daɗewa a wurin da ruwa yake zuba kullum. Ta zauna da mutumin, ta bayyana masa cewa wannan ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da nasa hali. In aka murɗa notinsa a bushe kuma da sauri, haƙoran sukan yi zafi su ciji juna, notin ya tsaya cak tun bai matse ƙarafan da aka sa shi ya haɗa ba. Saboda haka sai an shafa wa kowace ƙusa giris, a ɗaure ta da hannu a hankali.

Ta ce, "Baba, don Allah kada ka sa musu inji."

Mutumin ya yi dariya, ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ɗaure noti. Giris ai na kwancewa ne. Wa ya taɓa shafa wa igiya mai, sa'an nan ya ɗaure akuya da ita?"

Ta sake yi masa bayani tun daga farko. Ya ce to, ya ji. Ita kuwa ta tafi wani aiki a gari mai nisa.

Da ta ba da baya, sai ya ba maƙwabcinsa giris ɗin ya shafa wa amalankensa. Ya ɗauko injin ɗaure noti, ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya gama da wuri. Bayan haka ya sa sifana a kan kowane noti, ya danna da dukan ƙarfinsa, ba wanda ya motsa. Ya ce a ransa aiki ya yi kyau. Aka ɗora tanki, aka cika shi da ruwa, mutane suka yi ta yabon ƙusoshin da suke ƙyalli a rana.

Ba a daɗe ba, matarsa Tabita ta dawo daga ɗiban ruwa, ta ce masa, "Baban Saratu, hasumiyarka tana kuka in iska ta taso." Ya ce mata ai sabon takalmi ma yakan yi kuka. Duk da haka maganar ta tsaya masa a rai, ya ɗauki sifana ya hau.

A can sama ya zura tsinke tsakanin ƙarafa biyu da ya kamata su manne, tsinken ya shige. Ya sa sifana domin ya ƙara ɗaurewa, notin ya ƙi gaba. Ya juya domin ya kwance, ya ƙi baya. Ya gwada na kusa da shi, haka. Sa'an nan ya gane abin da ya faru, ya kuma san maganinsa, wato a zubar da ruwan, a sauke tankin, a yanke ƙusoshin duka, a aika a kira injiniya. Ya tsaya yana duban gari daga sama, yana tunanin abin da za a faɗa a bakin kasuwa. Ya ce bari damina ta wuce tukuna. Da ya sauko, ya gaya wa matarsa ya ɗaure kome.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, mata suna gindin hasumiya suna hanzarin cika bokitai. Iska ta taso, ƙarafa suka fara bugun juna, matan suka watse. Tabita ta ce musu kada su ji tsoro, maigidanta ya hau ya gyara. Ta tsaya domin bokitinta ya cika. Ƙusoshin da ƙarafa suka daɗe suna bugunsu suka karye, hasumiyar ta faɗi a kan ƙafafun Tabita.

Tabita ta rayu, amma ba ta ƙara tafiya ba. Gari ya koma shan ruwan rafi. Da injiniyar ta zo, ta tsinci guntayen ƙusoshin a cikin taɓo. Babu ɗigon tsatsa a jikinsu, kowane noti kuma yana nan daram inda ya cije.

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah bai sa mu a duniya domin mu yi ƙyalli ba. Ya sa mu domin mu riƙe mutane, kamar yadda ƙusa take riƙe ƙarafa: miji da mata, iyaye da 'ya'ya, 'yan'uwa a cikin ikilisiya. Da yawa a cikinmu ba mu da tsatsa. Ba ma shan giya, ba ma sata, ba ma fashin sujada. Amma an ɗaure mu a bushe, babu tawali'u, babu jinƙai, har muka cije. Abin baƙin ciki shi ne, wanda ya cije da wanda ya riƙe da gaske kamanninsu ɗaya ne in an taɓa su, dukansu ba sa motsi. Shi ya sa mukan kira taurin zuciya "tsayawa a kan gaskiya".

Na san dattijon da ya daina gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona, yana kuwa karɓar Jibin Ubangiji kowane lokaci. Akwai uwa a zumuntar matan ikilisiya wadda ta rantse 'yarta ba za ta ƙara taka gidanta ba, tana cewa ita mace ce mai magana ɗaya. Fasto ya je, ba ta motsa ba. Aka aika tsofaffi, suka dawo kamar yadda suka tafi.

Ku lura kuma, zunubin farko na mutumin nan raina shawara ne, amma ba shi ya karya Tabita ba. Allah ya nuna masa ɓarnar tun da sauran lokaci, shi kuwa ya zaɓi sunansa. Gyaran zuciyar da ta cije yana da zafi, gama sai an yanke, kuma a gaban mutane ake yi. In ka ƙi, nauyin ba a kanka yakan faɗi da fari ba. Yakan faɗi a kan wanda ya gaskata maganarka.

Wanda ya san akwai ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa, kada ya jira wata Lahadi. Ubangiji ya ba mu zuciya mai juyuwa. Amin.