Hannuwan Ƙosau Bahago

A wani zamani mai nisan gaske, tun aljanu na cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani sarki a birnin Zarmaki ana ce masa Jatau, fari sol, dogo, mai ji da kansa, wanda ba a taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. A birnin nan akwai wata doka ta kakanni wadda ko shi bai isa ya taɓa ta ba: duk wanda ya rasa wata gaɓa ta jikinsa, ba ya zama bisa karagar mulki.

Wata shekara ya ɗaura yaƙi da wani ƙaramin gari a gindin dutse, wai shi Tsaunin Maje, don kawai sun ƙi kawo gaisuwa. A ƙofar garin wani barde baƙi ƙaƙƙarfa mai suna Ƙosau ya tare shi. Ƙosau bahago ne. Sarki ya ɗaga mashi da hannu biyu, sai sara ya zo masa ta ɓangaren da bai zata ba, hannuwan nan biyu suka zube ƙasa daga wuyan hannu, dawakai suka tattake su. Maharba suka yi wa Ƙosau ruwan kibau har ya faɗi matacce, aka cinna wa garin wuta.

Waziri ya ga sarauta za ta suɓuce, ya yi maza ya ƙona turaren kira, sai ga Dumbarun, maɗorin aljanu, da zarensa na yanar gizo. Ya duba filin daga kaf, bai ga hannun da jininsa bai huce ba sai na Ƙosau, shi kuwa ya yanko su ya ɗora wa sarki.

Da sarki ya farfaɗo, aljanin ya ce masa, "Ya kai sarki, na haɗa ƙashi da ƙashi, na haɗa jijiya da jijiya, iyakar sana'ata ke nan. Zuciya kuwa ba ni da zarenta. Idan ruwan farko na damina ya sauka ba ka karɓi hannuwan nan da cewa naka ne ba, za su bushe su faɗi."

Sarki ya ɗaga su ya duba. Baƙaƙe ne, masu faɗin farce, da tsohon tabo a gindin babban yatsa, ga ɗinki ya zagaye inda farar fata ta haɗu da baƙa. Ya gane su sarai, domin su ne abu na ƙarshe da ya gani kafin ya suma. Nan take ya yi amai.

Tun daga ranar ba a sake jin daɗin Jatau ba. Ba ya ce musu hannuna, sai dai hannuwan karen nan. In zai yi alwala ya kai su fuska, sai ya ji kamar maƙiyinsa ne ke shafa masa gemu, tsikar jikinsa ta tashi. Abin da ya fi muni, hannuwan ba su manta da mai su ba. Ranar da zai ba Galadima kyautar riga a gaban fada, hagu ce ta yi wuf ta miƙa, dattijon ya karɓa fuska a murtuke, ya tafi gida yana cewa an ci mutuncinsa. In an kawo tuwo, hagu ce ke faɗawa cikin akushi, dama na kwance kamar ba ta san aikinta ba. Sarki ya daina ci a gaban mutane, daga baya ma ya kusa daina ci ɗungurungum. Ya sa aka ɗaure hagun da tsirkiya, ta kwance. Wata rana don tsabar ƙiyayya ya danna ta cikin garwashi, sai ga shi shi ne ke ihu, abin dariya abin tausayi.

Ba mai taɓa su a fadar, bayi ma da tsumma suke miƙa masa abu. Gimbiya Ladingo, wadda aka yi musu baiko tun kafin yaƙi, ita kaɗai ta taɓa miƙo hannu za ta duba ƙunar, ya daka mata tsawa: "Kada ki kuskura! Gawa kike so ki taɓa?" Ta fita da hawaye. Hannuwan kuwa suka fara sanyi, farce ya yi toka-toka, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu zaɓen sarki sun fara ƙus-ƙus a zaure.

Ya sa aka sake kiran Dumbarun, ya ce a cire su a kawo wasu. Aljanin ya ce, "Ɗori ɗaya jikin ɗan Adam ke ɗauka. In kana son sanin halinsu, je ka wurin wadda ta fara wanke su."

Sarki ya fita shi kaɗai, a ƙasa, domin hannuwan sun yi nauyin da ba sa riƙe linzami. Ya ratsa dajin da aljanu ke leƙowa daga kogon kuka suna tambayarsa, "Na wa ne? Na wa ne?" yana wucewa bai tanka ba, har ya isa Tsaunin Maje. A cikin kangon garin ya tarar da wata tsohuwa a ƙofar bukka tana tuƙa tuwo, sunanta Gwamma, ita ce mahaifiyar Ƙosau. Ba ta dubi fuskarsa ba, hannuwan ta ƙura wa ido, muciya ta faɗi daga hannunta.

Ta ce, "Kai ne ɓarawon. Guntu na binne ɗana, na naɗe dungulmi a likkafani. Me ka zo nema kuma, ƙafafun?"

Ya miƙa mata su ya ce, "Ɗauko wuƙa ki yanke kayanki, tsohuwa. Ƙiyayyar da nake musu ta fi wadda kike mini."

Ta matso, sai ta ga ƙunar. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

Ta ɗauke shi da mari, marin da ba a taɓa yi masa ba tun da aka haife shi. Sa'an nan ta dubi yadda ya rame, ta kwaso tuwo ta dangwarar a gabansa. "Ci. Ba don kai ba, ka mutu ma ban damu ba. Cikinka ne ke ciyar da su."

Hagu ta yi wuf za ta faɗa akushi, sarki ya buga ta da ƙasa yana zagi.

"Haka ubansa ya yi ta yi," in ji Gwamma. "Duka, ɗauri, har barkono ya shafa mata, ba ta ji ba. Wawaye, ku duka biyun. Ba dukanta ake yi ba, riƙe ta ake yi."

Ta kama hagun ta ɗora bisa cinyarta, ta rufe da tafinta, tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya lafa. Can sai dama ta motsa da kanta, ta yanko loma, ta kai bakinsa. Jatau ya ji ɗumin tafin tsohuwar ya ratsa har kafaɗarsa, shi da tun ranar ɗorin bai ji komai a hannuwan nan ba sai zafi. Kunya ta kama shi, ya ci yana kuka.

Sai aka yi tsawa, iska ta taso da ƙanshin ruwa. Sarki ya gaya mata sharaɗin aljanin, ya ce, "Iya, ba zan iya faɗa a bayan idonki ba. In kin hana, na yi shiru su faɗi, ki binne su tare da shi."

Ta ce, "Ka kashe shi, ka ƙone garinsa, yanzu kuma da bakina kake so in ba ka ragowarsa?" Ta yi shiru tana kallon hannun da ke cinyarta, ɗigon farko ya faɗo kansa. "In suka faɗi, busasshiyar fata zan samu. In suka zauna, ana cin tuwo da su. Faɗa, azzalumi, kafin in sake shawara. Amma ka sani ban yafe ba."

Ya ce, "Nawa ne. Hannuwana ne."

Ruwa ya kece. Jini ya gudana cikin yatsun, farce ya yi ja, Gwamma ta sake su ta shige bukka ta ja asabari.

Sarki ya koma Zarmaki ya zauna bisa karagarsa, masu ƙus-ƙus suka yi tsit. Ya je da ƙafarsa ya ba Galadima haƙuri, ya roƙi Ladingo gafara, sai da ta ja masa rai sosai kafin ta yarda. Aka ɗaura aure, kuma ita ce ke riƙe masa hagu in an kawo abinci. Ya sa aka sake gina Tsaunin Maje, shi ma ya kwaɓa ƙasa tare da magina.

Gwamma ba ta zo bikin ba, ta kuma mayar da duk kyautar da ya aika. Kowace damina yakan je ya durƙusa a ƙofar bukkarta ya gaishe ta, ba ta taɓa amsawa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa ba. Sai dai ta kama hannuwan ta juya su, ta duba farce, ta duba tafi, ta ce, "Tashi ka tafi." Haka suka yi har ranar da ta cika, kuma da hannuwan nan aka haƙa mata kabari.