Dila da Farin Haƙori

Ga ta nan, ga ta nanku, masu haƙora.

Ta zo mu ji ta, mu dara.

Zaki ne zai yi walima, ya ce wanda ya fi kowa farin haƙori shi zai raba nama. Me ya haɗa rabo da haƙori? Wanda ya gaji da duniya ya je ya tambaye shi.

Dila kuwa goro ya rina masa baki jawur. Sai ya tafi wurin Biri mai wankin haƙora. Biri ya kwaɓa gawayi da lemun tsami a ƙoƙo, ya goga masa kaɗan, ya ce, "Malam Dila, ya isa. Sai an kwana biyu a sake. Kafin nan ban da ruwan sanyi, ban da tsami, aswaki ma a hankali."

Dila ya ce, "To."

A ransa kuwa ya ce rowa ce kawai. Biri na juya baya, ya sure ƙoƙon. Ya goga da safe, ya goga da rana, ya goga da yamma, har haƙora suka yi fari fat. Malamin daji ke nan, mai ilimi!

Ranar walima aka tari baƙi da ruwan randa. Dila ya kurɓa. Tsirrr, har ƙwaƙwalwa! Ya yaƙe baki don azaba, hawaye na zuba.

Zaki ya ce, "Kai, wannan murmushi! Ku ba shi wuƙa."

Dila na cikin rabo, yawu na ɗiga, sai Biri ya faɗi gaban Zaki. "Ranka ya daɗe, an sace mini ƙoƙo. Ɓarawon ba zai iya tauna ba. Mai rabo ya fara ci mu gani."

Dila ya dakata da rabo. Ya dubi tsoka, ya dubi faratan Zaki, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidanmu mai rabo ba ya cin abin da ya raba. Gado ne, tun kaka da kakanni."

Zaki ya ji daɗi. "Yau na ga mai amana! Kai ne mai rabona har abada. Ranar da ka karya gadon nan, kai za a raba."

Haƙora dai sun warke. Dila na nan yana rabo, yana murmushi, Kura da haƙoranta rawaya tana ƙwamushe ƙashi a gabansa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku yi ta gogawa, yara, kada ku ji maganar mai magani. Yunwa ma ta fi kyau da farin haƙori.